Ta Yaya Inji Yake Sanin Cikinsa Ya Cika da Kuɗi?

A Tafashiya ba mu da injin da ake zura wa kuɗi ya miƙo lemon kwalba, amma duk wanda ya shiga Katsina ya ga ATM, kuma danginsu ɗaya. Tambayarmu ta wannan makon: ta yaya injin yake gane akwatin kuɗinsa ya cika?

Yawancinmu za mu ce ƙirgawa yake yi. Ƙirga kaɗai ba ta isa ba. Sabbin takardu 100 kaurinsu kusan santimita ɗaya ne. To ku gwada da tsofaffin 'yan ɗari biyu da suka sha hannu a kasuwar Kankiya, duk sun yamutse sun kumbura. Akwatin da ya ci sabbi 500 ba zai ci tsofaffi 500 ba.

Shi ya sa aka sa sifirin. Kowace takarda ta shigo, wani ƙarfe ya tura ta kan faranti, farantin ya ja baya ya matse sifirin. Kun tuna dokar Hooke ta SS1? Iya matsewar sifirin, iya ƙarfin da yake mayarwa. In wuri ya ƙare, ɗan injin turawar sai ya soma jan wuta fiye da kima, ko ya kasa kaiwa ƙarshe. A wasu kuma farantin ne yake tare wani siririn haske. Nan take injin ya daina karɓa, in ba haka ba takardar mutum ta maƙale, ba lemo ba kuɗi.

ATM kuwa abin da yake sa wa ido shi ne ƙarewar kuɗi, kuma mun ga hakan har mun gaji a farkon 2023.