Fatalwar da ta dawo daga Kumasi

Shekaranjiya na tarar da jikokina sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyata dariya. Fim suke kallo na gawarwakin nan masu tashi suna jan ƙafa, waɗanda ake kira zombi. Nan take hankalina ya koma garinmu Lafagu, domin mu ma mun taɓa yin namu, kuma da rana tsaka ya shigo mana gari.

Bawan Allahn ya tafi Kumasi fataucin goro tun kafin a haifi da yawanmu. Labarinsa ya yanke, har wani ɗan ci-rani ya zo da cewa ya rasu. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in, matarsa ta fita takaba ta sake aure, ƙannensa suka ci gaba da noman gonarsa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana. Cikin waɗanda guguwar ta koro gida har da shi, daga ƙullin tufafi sai buta.

Da ganinsa, 'yan mata suka zubar da tuluna suka ranta a na kare. Mu yara muka riƙa bin sa daga nesa, muna leƙen ko yana da inuwa, ko tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa. A can an kira shi baƙo, a gida kuma fatalwa. Kwana da kwanaki ba mai sa hannu a akushi ɗaya da shi.

Jikokina ba su san cewa labarin zombi ya fi kusa da mu fiye da Amurka ba. A Haiti ya yi ƙarfi, tsakanin jikokin bayi waɗanda da yawansu aka loda a jirgi daga Wida, a gaɓar tekun Benin ɗin nan da muke shiga kasuwanninta. Zombinsu mutum ne da boka ya tayar don ya yi ta aiki a gonar rake, ba suna, ba dangi. Abin tausayi ne kafin fim ya mai da shi dodo.

Namu dai gwaggonsa ce ta fanshe shi. Ta kai masa tuwo da miyar kuka har zaure, ta zauna, ta ce, "Ci, ɗan nan, in ga ko matacce na lashe yatsa." Ya cinye malmala uku. Daga ranar ya mai da abin raha. In an taru a dandali sai ya miƙe ya ce yana bin gari bashi, an raba wainar sadakarsa ba a ajiye masa ko ɗaya ba. Dattawa su yi ta dariya har da hawaye, wanda jiya ya kauce masa yau ya matsa masa a tabarma.

Yau ma muna da masu dawowa: daga Libiya hannu rabbana, daga gidan yari, daga jinyar taɓin hankali. Muna amsa sallamarsu a tsaye, mun manta da akushin gwaggo.

Shi kuwa mutumin namu ya ƙara shekaru masu yawa yana noma da kiran salla. Ranar da ya rasu da gaske, waɗanda suka guje shi su ne suka yi ta rige-rigen ɗaukar makararsa. Allah ya jiƙansa da rahama.