Sai bango ya tsage

A watan Maris na 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura cewa shiga kwamfuta ta SSH na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi, sai ya gano ƙofar ɓarayi da aka dasa cikin xz, manhajar matse fayil da Linux ke amfani da ita. An ɓoye ta ne cikin fayilolin gwaji da umarnin harhaɗa manhajar, inda ido bai cika kaiwa ba.

Wannan darasi namu ne. Duk wanda zai rubuta manhajar adana bayanan marasa lafiya a Kiru, ko lissafin manoman masara a Doguwa, bai kamata ya kwafo tsohon umarnin harhaɗawa bai karanta ba. GCC na da kariya kyauta, wadda ke tsayar da manhaja idan bayanai suka yi ambaliya a ma'ajiyarsu, amma sai an tabbatar tana kunne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta ɗora alhakin tsaro kan mai riƙe bayanan. Saboda haka a riƙa bitar umarnin nan layi-layi, a kuma sabunta shi.