LAFIYA UWAR JIKI: Mai Neman Haihuwa Ta Fara Da Awon Jini

A Zangon Agege, kamar yadda yake a Idi-Araba da sauran unguwannin Hausawa na Ikko, in amarya ta shekara biyu ba ciki, magana takan tashi. Uwar miji ta aiko da saiwa daga Arewa, maƙwabta su ce iska ce. In kuwa al'adarta tana tsallake wata biyu ko uku, gashi ya tsiro mata a haɓa, ƙuraje suka feso mata a fuska, to, ta zama abin tsegumi a gidan haya. Kaɗan ne ke tunanin a ɗebi jininta a auna.

Alhali kuwa likitoci sun daɗe da sanin waɗannan alamu. Ciwo ne da suke kira PCOS, wanda wasu likitoci biyu, Stein da Leventhal, suka bayyana a birnin Cikago na Amurka cikin 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kama kashi 6 zuwa 13 bisa 100 na matan da ke shekarun haihuwa, galibinsu kuwa ba su san suna da shi ba.

Abin da ya kamata jama'a su gane shi ne, ciwon nan ya wuce batun haihuwa. Akwai wani sinadari, insulin, wanda aikinsa shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Jikin yawancin masu ciwon ba ya jin insulin sosai, don haka sai ya riƙa zubo shi fiye da ƙima. Yawansa ke ingiza ma'ajiyar ƙwai ta ƙara fitar da sinadarin maza, ƙwai ya kasa nuna, al'ada ta rikice. Shi ne kuma ke kawo baƙin nan na bayan wuya da hammata, wanda ake zaton dauɗa ce har a yi ta gurzawa da soso. In aka bar abin, ƙarshensa yakan zama ciwon sukari da hawan jini.

Saboda haka ƙa'idar da masana na duniya suka sabunta cikin 2023 ta ce a auna sukarin kowace mai wannan ciwo, ko da siririya ce. Awon da ya fi inganci shi ne a ɗebi jini da safe kafin karin kumallo, a ba ta giram 75 na sukari cikin ruwa ta sha, a sake ɗiba bayan awa 2. In na farko ya kai 126, ko na biyu ya kai 200, ciwon sukari ya shiga. Tsakanin 140 da 199 a na biyu, yana bakin ƙofa. Akwai wani awo mai nuna sukarin wata 3 da suka wuce, amma yakan yi kuskure ga mai ƙarancin jini ko mai sikila, irinsu kuwa suna da yawa a Nijeriya. A haɗa da awon kitsen jini da bugun jini da faɗin ƙugu, wanda in ya kai santimita 80 abin lura ne. A maimaita awon sukari duk shekara 1 zuwa 3.

Zaman Ikko ma yana ƙara wa Barno dawaki: burodin Agege da shayi mai zaƙi safe da yamma, lemon kwalba, da wuni a ɗaki guda. Mafi muni shi ne ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, gama wadansu irinta suna tayar da sukari. Mai ƙiba da ta rage kashi 5 zuwa 10 bisa 100 na nauyinta, sau da yawa al'adarta takan daidaita. Akwai kuma magunguna irin su metformin da letrozole, amma sai da izinin likita.

Ga Babban Asibitin Orile-Agege kusa, ga asibitocin koyarwa a Ikeja da Idi-Araba. Lalle maigida ya sani, kuɗin awon nan bai kai na jinyar ciwon sukari ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.