Daga Madafa: Kek ɗin Lemun Mandarin da Kuɗin Akwati

 

Tun da hunturu ya shigo, lemun mandarin ya fara bayyana a kan teburan masu kayan marmari a Kasuwar Dole ta Damagaram da kasuwar Lahadi ta Mirriya. Shi ne ɗan ƙaramin lemun nan mai sauƙin ɓarewa, wanda ƴan Najeriya ke kira tanjarin. Wani daga lambunan Timiya yake gangarowa, can cikin duwatsun Abzin, wani kuma daga kudu yake hawowa ta Kano. Zuwansa ya sa mata da dama a ƙungiyoyinmu na Hamdara suka aiko da tambaya iri ɗaya: yaya ake yin ƙananan kek ɗin nan na gwangwani da Turawa ke kira mafin, kuma mace za ta iya cin bashi a akwati ta mayar da shi sana'a? Yin sa ba wuya. Tambaya ta biyun ce ke son a shimfiɗa tabarma.

Mu fara da madafa. Ma'auninmu gwangwanin madarar ruwa ne, ƙaramin nan da kowace ɗaka ke da shi. Don kek 12, ki auna fulawa gwangwani 3 a shafe, sukari gwangwani 1, mai rabin gwangwani, ƙwan kaza 2, gishiri ɗan tsunkule, da ƙaramin cokali 2 na garin tashi. In kin je shago ki ce lebur ta gato kike so. Kar ki karɓi yis na fanke da burodi, aikinsu daban ne: yis sai an jira shi ya tashi, wannan kuwa da ya ji ruwa da zafi yake fara aiki. Kanwa ma a bar ta wa miyar kuka, don ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, kuma tana barin ɗanɗanonta a baki. Sai lemu 3, da nono mai ɗan tsami.

Ƙamshin mandarin a jikin ɓawonsa yake. Ruwan, da ya shiga wuta, kusan duk ƙamshinsa ya tafi, sai ɗan zaƙi da tsami su rage. Shi ya sa mace za ta matse lemu 6 cikin kwaɓi, ta yi asarar kuɗi, kek ya fito ba wanda zai ce da lemu a ciki. Ki wanke lemun sosai, ya sha hanya da hannun mutane. Ki goga bayansa a hankali da abin gogar kuɓewa tun bai ɓare ba, jan kawai, da kin hango fari ki tsaya, don farin ɗaci gare shi. In ɓawon ya yi laushi ya ƙi goguwa, ki ɓare shi, ki kankare farin ciki da cokali, ki yayyanka ƙanana. To sai ki zuba shi cikin sukarin ki murza da yatsu har sukarin ya canza launi ya yi danshi. Nan ne man da ke cikin ɓawon ke fita. Maƙwabciya ma sai ta leƙo ta katanga.

Bayan haka ki matse ruwan lemun cikin gwangwani, ki tsince ƴaƴan, ki cika shi da nono har baki, ki ƙara kamar cokali 2. Ki kaɗa shi da ƙwai da mai da sukarin a kwano guda. A wani kwanon ki tankaɗe fulawa da garin tashi da gishiri. Ki juye mai ruwan a kan busasshen, ki juya sau kaɗan, da farin gari ya ɓace ki ajiye muciya ko da akwai ƴan gudaji. Mun san hannun da ya saba bugun fanke zai yi ƙaiƙayi, amma a danne shi. Yawan bugu na sa fulawa ta yi danƙo, kek ɗin ya fito da tauri kamar roba.

Wadda ke da tanda ta gas, digiri 180 ne, minti 20 zuwa 25. Mu sauran, babbar tukunya ce da yashi mai tsabta, kaurin yatsu 3, a ɗora kan gawayi a rufe ta yi zafi kamar kwata ɗaya na awa. Gwajin zafi: barbaɗa ɗan fulawa a kan murfin gwangwani ki sa ciki. In ta yi ja a hankali, ya yi. In ta yi baƙi nan take, rage wuta. Ki shafa wa gwangwanayen mai, ki cika kashi 2 cikin 3, ki jera su a kan faranti bisa yashin, ki rufe, ki ɗora ƴan garwashi a kan murfi don sama ta gasu. Minti 15 na farko kar a buɗe, ko yara sun dame ki. Tsinke ne alƙali: in ya fito ba kwaɓi a jikinsa, a sauke. Gwangwanayen alminiyam na kek sun fi. In na tumatir za ki yi amfani da su, ki guji masu farin fenti a ciki, ki kuma danne bakinsu kar su yanki wani.

Yanzu ga maganar akwati. Tsarin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ya tsaya ne a kan abu guda: kuɗin da ya fita ya dawo ranar da aka yanka, da ɗan ƙarin da ƙungiya ta amince. Kuɗin nan na ƴan uwanki ne, wata ma da kuɗin ƙuli-ƙulinta ta zuba. Saboda haka kafin ki ɗaga hannu a taro, ki yi kwaɓi ɗaya da kuɗin aljihunki, ki rubuta duk abin da ya shiga, har gawayi da leda da kuɗin motar zuwa Mirriya. Mu ɗauki misali, ba farashin yau ba. A ce komai ya ci jika ɗaya da rabi, wato dala 300, aka samu kek 12. Kowane ɗaya ya tsaya miki dala 25. In kika sayar dala 20 don ki ga ya tafi, kin yi asarar dala 60 a kwaɓi guda, kina murna tire ya ƙare. Irin wannan asarar ba ta ihu. Sai ranar biya ta zo a ga uwar kuɗin ta zaizaye, a koma sayar da akuya.

Kuma fulawa da sukari yawanci daga waje suke shigo mana, farashinsu ba a hannunmu yake ba. Ba mu manta da yadda kaya suka hau ba lokacin da aka rufe iyakar Najeriya a 2023, har zuwa buɗe ta a watan Maris na 2024. Lissafin watan jiya ba ya aiki a wannan watan, kowane sayen kaya sai an sake shi.

Sai maganar daɗewa. Alkakin Damagaram da aka san mu da shi yana makonni bai ce komai ba, don an soya shi an tsoma a zuma ko sukari. Dubulan ma haka. Wannan kek ɗin danshi gare shi: kwana 2, iyaka 3 a lokacin sanyi, kuma in ba a rufe ba iskar hunturu ta busar da shi tun ranar farko. Da bazara kuwa kafin ki ankara ya yi fumfuna. Ga shi yaran bakin makaranta dala 5 ko 10 ke hannunsu, kuma ƙosai da fanke na jiransu. A ganinmu wannan ba kayan talla ba ne a ƙauye kamar namu. Kayan oda ne: suna, buki, walimar saukar karatu, taron ma'aikata. A karɓi rabin kuɗi tukuna, a sayi kaya da shi, a gasa daren jajibere ko da asuba. Mai yin haka ba ta ma bukatar taɓa akwati, sai dai don sayen gwangwanaye da faranti, su kuwa ba sa ruɓewa.

Akwai hanyoyin rage tsada. Ana iya maye gwangwani ɗaya cikin ukun da garin gero mai laushi da aka tankaɗe sau biyu. Kek ɗin zai ɗan yi nauyi, amma wasu ma sun fi son sa haka. Fiye da gwangwani ɗaya, sai ya dinga marmashewa. Man gyaɗarmu na gida yana yi, sai dai ƙamshinsa na gasa da na lemun, don haka a ƙara ɓawo.

Ƙwai ne ke da ban haushi. Zabi da damina suke zuba ƙwai, lokacin da mandarin ya ɓace daga kasuwa. Yanzu da lemu ya yi yawa, ƙwai ya yi tsada. Dubarar ita ce a adana ɓawon. Duk lemun da aka sha a gida, kar a jefa wa awaki ɓawonsa. A kankare farin, a shanya a inuwa cikin faifai a rufe da mayafi mai shara-shara saboda ƙura, iskar nan za ta busar da shi cikin ƴan kwanaki. In ya yi ƙaras, a daka a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi nesa da rana. Ƙaramin cokali 2 ya ishi kwaɓi guda, nono kuma ya cike gurbin ruwan lemun. Ƙwan zabi 3 ke tsayawa a madadin na kaza 2.

Wadda ta gwada a wannan mako ta zo da takardar lissafinta ranar zubi, da kek ɗaya a yanka a ga cikinsa. Allah ya sa albarka a nema.