Yaron da Ke Kan Benci Shi Ma Ɗan Makaranta Ne

Ko wane mai kula da wasanni a Minna ya san ƙwallon gora, watau hoki, ba baƙo ba ne a garin nan. Tun zamanin Turawa a ke buga shi a kwalejojin Arewa, har ya yi saiwa a wannan jiha, ga kuma ƙungiyarmu ta Niger Flickers wadda ta wakilci Nijeriya a gasar ƙungiyoyin Afirka. To, manyan 'yan wasan nan ba daga sama suka faɗo ba, a filin makaranta aka fara ba su sanda. Mu kuwa da mu ke wannan kwaleji, gobe-gobe mu za a miƙa wa usur a ce ga yara nan. Saboda haka na ga ya kamata mu yi shawara tun yanzu a kan dokar canjin 'yan wasa, domin a ganina yadda a ke aiki da ita a gasar yara akwai ƙwara a ciki.

Bari mu fara duba inda dokar ta fito. Da can babu canji sam a wasan hoki. Mutum goma sha ɗaya da suka shiga su za su fita, in ɗaya ya ji ciwo sai sauran goma su yi ta fama. A 1973 aka yarda a canza mutum biyu. Daga nan wasan ya yi ta ƙara sauri, musamman bayan da aka fara buga shi a kan ciyawar roba a wasannin Olamfik na Montreal a 1976, har ya zamana ƙato ba ya iya gudun minti 70 ba tare da ya sare ba. Sai a 1992 hukumar hoki ta duniya, FIH, ta buɗe ƙofa gaba ɗaya. Tun daga lokacin koci yana iya fid da ɗan wasa ya sa wani ko sau nawa ya ga dama, wanda ya fita kuma yana iya komowa. Ba a tsai da agogo, sai fa in mai tsaron gida za a canza. Wanda zai shiga ya tsaya kusa da layin tsakiya, ɗan'uwansa ya fito, shi kuma ya faɗa. Yanzu kuma wasan manya zango huɗu ne, ko wane zango minti 15.

Wannan doka kyakkyawa ce ƙwarai, ban da abin cewa a kanta ga waɗanda aka yi ta dominsu. Amma ku lura da abin da ta ce. Ta ce ana iya sa wanda ke kan benci. Ba ta ce dole a sa shi ba. Ga manya wannan daidai ne, gama wasa sana'arsu ce, wanda bai kai ba sai ya ƙara himma ko ya nemi wata ƙungiya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu fa? Shi ba sana'a ya zo yi ba, koyo ya zo yi, kuma ba shi da wata makarantar da zai koma don an hana shi wasa.

Kowa ya san yadda abin ya ke gudana ranar gasa. Malamin wasa ya rubuta suna goma sha shida ya miƙa. Goma sha ɗaya suka shiga, biyu ko uku su kan leƙa in wani ya gaji, sauran kuwa suna nan zaune da riga sabuwa ƙal, sanda a tsakanin ƙafafu. In an ci ƙwallo su yi tsalle, in an tafi hutu su kawo ruwa. Wani daga Maitumbi ya taso, wani daga Kpakungu, ubansa ya ba shi kuɗin mota, wataƙila ma ya sayo masa takalmi don wannan rana. Da yamma ya koma gida uwarsa ta tambaye shi, ya wasa? Me zai ce mata? In kuwa an ga dama aka tuna da shi, sai saura minti ɗaya a tashi a tura shi ciki, kafin ya kai wurin tsayawarsa an busa usur. Wannan ni ban kira shi wasa ba. Abin da ya fi ba ni haushi ma, malamin da ya yi haka ya kan ce ai kowa ya buga.

Mu da a ke koya mana aikin malanta, a ce wani a cikinmu ya tafi gwajin koyarwa, aka ba shi aji mai yara arba'in, sai ya zaɓi goma masu ƙwaƙwalwa ya yi ta yi musu tambaya, sauran talatin ya bar su suna hamma har aka kaɗa ƙararrawa. Wane maki malamin da ya zo duba shi zai ba shi? Ai ko bai faɗi ba ya sha faɗa. To, filin wasa ma aji ne, sai dai ba shi da rufi. Ban ga dalilin da zai sa abin da ya zama laifi a gaban allo ya zama gwaninta a bakin fili ba.

Abin da na ke so a yi ba shi da wuya. A duk gasar hoki ta yara, ko ta gidaje ce a cikin makaranta ko ta tsakanin makarantu, ta maza ko ta mata, a rubuta a cikin dokar gasar cewa duk wanda sunansa ya ke kan takarda sai ya buga zango ɗaya cikakke, daga busa zuwa busa, kafin a shiga zango na ƙarshe. Zango na huɗu kuwa a bar wa koci, ya sa gwanayensa ya nemi kofinsa yadda ya ke so.

Na san wani zai ce haba, ai wannan sai ya ɓata wasa, a cika fili da 'yan koyo. To, mu yi lissafi, tun da an koya mana. Ban da mai tsaron gida, mutum goma ke cikin fili, ko wannensu minti 60, jimla minti 600 ke nan. 'Yan benci biyar, in ko wanne ya sami minti 15, sun ci minti 75. Kashi ɗaya cikin takwas ke nan kacal. In an raba su biyu a zango na fari, biyu a na biyu, ɗaya a na uku, ba za a taɓa samun fiye da mutum biyu daga cikinsu a fili a lokaci guda ba. Ko an rage tsawon zango don yara ƙanana, lissafin bai canza ba. Ƙungiyar da yara biyu za su rushe ta cikin rubu'in sa'a, ai da ma can ba ta ginu ba. Abokan karawarsu kuma doka ɗaya ce ta hau kansu.

Wani kuma zai ce dokar duniya ba ta faɗi haka ba, su wane ne mu da za mu ƙara mata? Amsa ita ce masu dokar da kansu su kan gyara ta in sun ga ana ci da ita. A wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, Birtaniya tana da wani ɗan wasa, Calum Giles, wanda ba ya shiga fili sai an ba su ƙaramin bugun kwana. Ya ruga ya buga, ya komo benci ya zauna. Bai karya doka ba ko kaɗan, amma mutane suka ga wannan ba shi ne nufin canji ba. A 1998 aka toshe ƙofar. Shi ya sa yau daga sa'ad da alƙali ya ba da ƙaramin kwana har a gama shi ba a canza kowa, sai mai tsaron gida in ya ji ciwo ko an kore shi. In manya sun gyara doka don kada a cuci ƙattai, mu me zai hana mu gyara tamu don kada a cuci yara? Ko wace gasa da ma tana da 'yan ƙa'idodinta na gida, kamar tsawon wasa da shekarun 'yan wasa, wannan ɗaya ce kawai za a ƙara. Ba mu ne za mu fara ba kuma. A Amurka akwai wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yara, AYSO, wadda aka kafa a 1964, dokarta ita ce ko wane yaro ya buga aƙalla rabin wasa. Mu rubu'i kaɗai mu ke roƙo.

Akwai wata ƙwara ta biyu wadda ba a cika lura da ita ba, ita kuwa tsakanin makarantu ta ke. Babbar makaranta ta zo da yara goma sha shida, wata 'yar ƙarama daga bayan gari ta zo da sha ɗaya cif, ko sha biyu, domin iyakar sandunan da ta ke da su ke nan, ko iyakar waɗanda mota ta ɗauka. Ku tuna da ranar Minna a watan Maris da Afrilu, ga fili na ƙasa, ƙura na tashi. Mai yara da yawa yana juya gwanayensa goma sha uku, wannan ya huta wancan ya shiga, su kuwa 'yan sha ɗayan nan tun zango na uku harshe ya fito. A ƙarshe a ce an ci su. Lalle an ci su, amma rana da benci ne suka ci su. Dokar da na kawo tana rage wannan ba tare da an yi wata dabara ba, domin mai benci cike dole ya ajiye gwaninsa ya sa ɗan koyo na wani lokaci. Wancan yana ɗauke da gajiya, wannan yana ɗauke da 'yan koyo, kaya ya yi kusa da daidaita.

To, ai malami mai wayo sai ya rubuta suna sha ɗaya kawai, ya bar raunana a gida. Gaskiya ne, za a sami mai yin haka, kuma wannan ita ce suka mafi ƙarfi da za a yi wa shawarata, domin yaron da da zai zo ya yi kallo yanzu ko mota ba zai shiga ba. Amma wanda ya yi haka ya ɗaure kansa, domin in yaro guda ya ji ciwo a wasan fari sai ya ƙarasa gasa da mutum goma. Masu shirya gasa kuma suna iya cewa makarantar da ta ke da yara kada ta kawo ƙasa da sha huɗu, sai wadda ta nuna uzuri. Sa'an nan a rufe takardar suna tun kafin wasan fari. Wannan zai kashe wata tsohuwar cuta, watau ɗan haya, ƙaton da ba a gan shi ba duk mako sai ranar ƙarshe ya ɓullo daga benci da gemu yana tsiro, a ce ɗan aji biyu ne. Kujerar da ya zauna ta wani yaro ce da ya yi wata uku yana zuwa horo.

Saura wa zai tsare dokar. Alƙalai biyu na cikin fili idonsu na kan ƙwallo, ba su da sukunin ƙidayar minti. Aikin mai tebur ne, kuma shi ya sa na ce zango cikakke, ban ce minti kaza ba. Mai tebur yana da takarda mai layi huɗu a gaban ko wane suna. Da an busa farkon zango ya sa alama a gaban waɗanda ke ciki. In an tafi hutun rabin lokaci ya duba, ya kira koci ya ce masa, “Malam, lamba 14 da lamba 16 ba su shiga ba, su za su fara zango na uku.” Shi ke nan. Ba a kai ga ƙwace maki ba, ba a hukunta yara a kan laifin malaminsu ba, ba a kuma yi cacar baki bayan an tashi ba. Yaron da ya ji ciwo, ko wanda alƙali ya ba kati ya fitar, wannan dabam ne, a rubuta dalili a gefe.

Ga wani amfani kuma da zai koma wa malamin kansa. Wanda ya san tilas ne ya sa yaron nan ranar gasa, ba zai bar shi yana tsince ƙwallo a bayan raga ranar horo ba. Zai tsaya ya nuna masa riƙon sanda, hannun hagu a sama na dama a ƙasa, ya koya masa tare ƙwallo da gefen sanda mai faɗi, domin ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Yara kuma ba tare su ke girma ba. Ɗan tsurut ɗin da ke aji ɗaya bana, baɗi sai ka ga ya miƙe ya wuce waɗanda suka fi shi, in dai bai yi fushi ya ajiye sanda ba tun kafin lokacin.

Ina roƙon malamanmu na Sashen Wasanni su gwada wannan a nan gida tukuna, a wasan da mu ke yi tsakaninmu, mu ga inda ya ke da gyara. In ya yi kyau, ɗaliban da za su fita gwajin koyarwa su tafi da takardar mai layi huɗu zuwa makarantun Bosso da Tunga da Chanchaga, su nuna wa shugabannin makarantu. In kuma ana neman masu zama tebur ranar gasar yara, a aiko kwaleji. Muna da ɗalibai da yawa da suka iya riƙe fensir, ba kuwa za su nemi komai ba sai kujera da inuwa.