Majinyaci Ake Ƙirgawa, Ba Hoto Ba

Duk mai awon hatsi a Babbar Kasuwar Katsina ya san buhun da aka auna sau biyu bai zama buhu biyu ba. Wannan sani ne yakan kuɓuce wa mai bincike idan ya zo kwatanta hotunan asibiti da aka ɗauka kafin magani da bayansa.

A ce an auna faɗin ƙari a hantar majinyata 30, aka sake aunawa bayan wata uku. Hotuna 60 ke nan, mutane kuwa 30. Wanda ya ɗauko gwajin t na rukuni biyu mabambanta ya mai da mutum ɗaya mutum biyu. Tazarar da ke tsakanin majinyata, wani ƙarinsa babba wani ƙarami, sai ta binne sauyin da ake nema. Abin da ya dace shi ne a fitar da bambancin awo biyu na kowane mutum, a yi gwajin t na tagwaye a kan bambance-bambancen nan 30. William Gosset, da ya fito da gwajin a 1908 da sunan aro na Student, irin wannan misali ya kawo: majinyata 10, kowanne an gwada masa maganin barci iri biyu.

Idan wasu 'yan alƙaluma sun yi wa sauran nisa, gwajin Wilcoxon na 1945 ya fi aminci. Idan amsar "akwai" ko "babu" ce, sai na McNemar na 1947.

Duk da haka, a ganina, babu gwajin da zai tabbatar cewa magani ne ya yi aikin. Mutum yakan je hoto ne lokacin da ciwo ya tsananta, wasu cututtukan kuma sukan lafa da kansu. Sai an sami rukunin kwatance kafin a yanke hukunci.

Mu masu nazarin Hausa ma da namu alhakin. Sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje ana fassara shi da "bambanci mai muhimmanci", sai mai karatu ya ɗauka an warke. Alhali nufin kawai shi ne da wuya a ce dace ne ya haifar da bambancin. Raguwar milimita ɗaya tana iya cin gwajin, majinyaci bai ji sauƙin komai ba. Na fi son mu ce "bambancin da ya wuce dace".