Nishaɗin Rediyo Amana Ce

Duk wanda ya san garuruwan yammacin Kano, irin su Durun da Garo a ƙasar Kabo, ko Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo, ya san cewa har gobe akwatin rediyo shi ne abokin hirar manomi, domin da shi yake fita gona da sassafe ya rataye a reshen bishiya, kuma da shi yake raba dare a teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Saboda wannan matsayi ne ya wajaba mu yi nazari a kan wani sashe na aikin rediyo wanda masu ilimi suka cika rainawa, wato sashen raha da nishaɗi, wanda a ra'ayina nauyinsa bai gaza na labarai da na faɗakarwa ba.

Turawan Ingila, waɗanda daga hannunsu wannan sana'a ta iso mana, sun fahimci haka tun da wuri. Yayin da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta, jama'a suna kwana cikin fargaba suna wuni cikin wahalar aiki, hukumar BBC ta fara wani shiri a 1941 mai suna Workers' Playtime, inda ake kwasar mawaƙa da masu barkwanci a kai su ɗakunan cin abinci na masana'antu, su yi wasa a gaban ma'aikata lokacin hutun rana, ƙasa duka tana saurare kai tsaye. Kuma saboda karɓuwar da ya samu, shirin bai tsaya ba sai a 1964. Ranar 29 ga Yuli, 1945, suka buɗe tasha sukutum mai suna Light Programme, wadda aka keɓe wa kaɗe-kaɗe da wasannin ban dariya da zaɓen waƙoƙin masu sauraro, ta kuwa fi sauran tashoshinsu yawan jama'a, har zuwa 1967 da aka sauya tsarin. Hikimar da ke ciki ita ce, sun ɗauki gajiyar talaka da muhimmanci, suka taka har inda yake.

Mu ma magabatanmu ba a bar su a baya ba. Tun a 1944 aka fara jin rediyon waya a birnin Kano, a 1957 BBC ta buɗe Sashen Hausa, sannan a 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Da ƙananan akwatuna masu batir suka yawaita, sai muryar Alhaji Mamman Shata da ta Musa Ɗanƙwairo da kuntigin Ɗanmaraya Jos suka shiga zaurukan da masu su ba su taɓa taka Kaduna ba. Wasannin kwaikwayo irin su Zaman Duniya Iyawa Ne da Duniya Budurwar Wawa suka zama makarantar zaman tare, shi kuwa Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta bariki a Samanja Mazan Fama, ya sa soja da farar hula suka yi dariya a kan tabarma ɗaya.

Dattawa ba za su manta da shirin Zaɓi Sonka ba. Saurayi zai sayi kati, ya zauna ya jera sunayen 'yan uwa da abokan arziki, tun daga tela na bakin kasuwa har zuwa yayansa da ya tafi cin rani Kurmi, ya aika, sa'an nan ya yi ta dakon ranar da za a karanta; in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana don kada a rasa shirin. Ranar da mai gabatarwa ya ambaci sunansa da na garinsu, unguwa duka sai ta ɗauka. Wannan sada zumunta ne tsantsa, kuma ta wannan hanya ɗan ƙauye ya tabbatar cewa shi ma ana lissafi da shi a ƙasar nan.

Akwai masu ganin cewa duk wannan lagwu ne da ɓata lokaci, kuma tsoronsu yana da asali, tun da shari'a ta hana alfasha da giba da izgili ga bayin Allah. Amma malamai sun ruwaito ƙissar Sahabi Hanzala, Allah ya yarda da shi, wanda ya tuhumi kansa da munafunci don yakan shagala da iyali bayan ya bar majalisin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kuwa kwantar masa da hankali cewa kowane hali da sa'arsa. Ashe ke nan raha mai tsabta halal ce, abin zargi shi ne wadda ta ƙetare haddi.

Abin takaici a yau shi ne, tashoshi sun yawaita a Kano fiye da kowane zamani, amma galibin sa'o'in dare an sayar da su ga sojojin baka masu zagin juna saboda siyasa, da masu tallar magani da kalaman da uba ba zai iya saurara tare da 'ya'yansa ba. Wasan kwaikwayon da aka zauna aka rubuta da natsuwa ya yi ƙaranci, kuma da wuya ka ji an ɗauko makaɗan noma ko 'yan kama ko waƙoƙin daɓe da na niƙa daga bakin masu su a karkara, alhali tsofaffin da suka haddace su kullum raguwa suke yi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin gidajen rediyo na gwamnati da masu zaman kansu da su ware ko da sa'a ɗaya a mako, su ɗauki na'urorinsu su zo Durun da Kabo da Gwarzo ranar kasuwa ko bayan girbi, su naɗi rahar jama'a a inda take, su biya masu fasaha haƙƙinsu, sa'an nan su adana tsofaffin faya-fayan da ke ɗakunan ajiyarsu kafin su lalace. Attajiranmu kuma su ɗauki nauyin irin waɗannan shirye-shirye kamar yadda suke ɗaukar na siyasa. Manomin da ya wuni yana ciyar da birni ya cancanci a faranta masa rai da abin da ba zai zubar da mutuncinsa ba. Allah ya sa masu abin su ji.